Ƙararrawar tsaro da ɗaukin masu bindiga a ofishin gwamnati

Malam, ka tambayi yadda ofishinku a Sakkwato zai ɗauki kamfanin da zai kula da ƙararrawar tsaro, ya kuma kawo ɗauki da bindiga.

Raba aikin biyu. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana masu gadinsu riƙe bindiga, ɗauki sai 'yan sanda ko Sibil Difens. Saboda haka ka nemi lasisin kamfanin da rubutacciyar yarjejeniyarsa da su.

A takardar kwangila a faɗi minti nawa za su iso, da tarar jinkiri. Na'urar ta zama mai layin waya biyu. Batiri fa shi ne matsalar: zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana kashe shi da wuri, ƙurar hunturu kuma tana sa ƙararrawa kukan banza. A riƙa gwaji duk wata kafin biya.