Hannun ƙofar injin busar da kaya ya karye: a canja ƙofa ko a nemi hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar wanki da guga a cikin gida a Kaduna, da yara biyu masu taya ni. Bara na sayi injin busar da kaya wanda aka taɓa amfani da shi, irin na gida. Yanzu hannun ƙofarsa ya karye, da wuƙa muke ɓamɓare ta. Mai gyara ya ce sai an canja ƙofar ɗungurungum, kuma kuɗin da ya yanka ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da na sayi injin. Ga damina ta kankama. In biya, ko in daure in tara in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi. Kada ki sayi wani inji, kada kuma ki yi saurin biyan kuɗin ƙofa. Amma tun yau a ajiye wuƙar nan. Duk ɓamɓarar da aka yi, ana cin robar da ke zagaye da bakin ƙofar, ana kuma gurɗa sakatar da ke riƙe ta. Idan waɗannan suka tafi, maganar mai gyara za ta zama gaskiya.

A yawancin injinan gida, hannun ƙofa roba ce mai zaman kanta, kamfani yana yin ta daban, ana sayar da ita daban. A wasu, 'yan haƙora ne a bayanta suke kama jikin ƙofa: a tura su da sukundireba mai faɗin baki, tsohon ya fita, a danna sabon har ya ce ƙas. A masu ƙofar gilashi zagayayya kuwa, sai an kwance ƙusoshin da ke ta ciki, an raba ƙofar gida biyu, sannan a isa ga hannun. Akwai 'yan ƙalilan da aka ƙera hannun haɗe da fuskar ƙofar, to ko a nan fuskar kaɗai za a nema. Kafin kowa ya taɓa komai, a zare wayar injin daga bango.

Abin da zai raba ki da asara shi ne lambar samfurin injin. Ki buɗe ƙofar ki duba gefen bakin, ko bayan injin, za ki ga takarda a manne. Idan Bosch ne, lambar tana gaban rubutun E-Nr. Ki ɗauki hotonta, ki ɗauki hoton karyayyen hannun gaba da baya, don sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa: LG ko Samsung ɗaya yana da hannaye iri-iri da suka yi kama amma ba sa shiga wa juna. Ki tura hotunan ta WhatsApp ga masu kayan gyara biyu ko uku. Masu kwance matattun injina su sayar da sassa su ne abokan tafiyarki. Abin da ba a samu a Kaduna ba a tambaya a Sabon Gari ta Kano, in ya faskara a Alaba ta Legas, a ɗoro miki a mota. Ki yi sharaɗi tun kafin ki tura kuɗi cewa in bai shiga ba za a canja. Kuma ki raba ciniki biyu: kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Mai gyaran da ya haɗe su a dunƙule, ba lallai cuta yake nufi ba, wataƙila ƙofa ce kawai ya san inda zai samu, amma ke ce za ki biya kuɗin rashin neman nasa.

Wani zai ce a liƙe da gam. Zai iya kai ki kwana kaɗan kafin kaya su iso, iyakarsa ke nan, domin wurin yana shan zafi yana shan ja. Abin da nake roƙon ki da babbar murya shi ne kada ki bari a taɓa ɗan makunnin da ke bakin ƙofa. Shi ne ke tsayar da injin da zarar an buɗe. Akwai masu haɗe wayoyinsa don injin ya yi ta juyawa ko ƙofa ba ta kama ba. Kina da yara masu zura hannu ciki sau da yawa a yini, wannan ba wurin arha ba ne.

Sai ki tambayi abin da ya karya hannun tun farko. Roba tana bushewa da zafi da shekaru, gaskiya ne, balle injin da ya gama aiki a wata ƙasa kafin ya zo hannunki. Amma sau da yawa ƙofar ce ta sauka kaɗan saboda ƙusoshin ƙarfen da take juyawa a kai sun saki, ko burbushin zare ya cushe ramin sakata, sai an fizga da ƙarfi take buɗuwa. In ba a ɗaure ƙusoshin an share ramin ba, sabon hannun ma hanyar tsohon zai bi. A kuma riƙa share matatar burbushin bayan kowane zubi: kaya za su fi saurin bushewa, wuta ko man janareta zai ragu, kuma wannan burbushin yana kamawa da wuta.

Ta fuskar kuɗi, ki lissafa abin da injin yake shigo miki da shi a rana ɗaya ta damina, lokacin da shanya ba ta bushewa kuma masu kaya suna jira. Da wannan za ki auna komai. In hannun zai ɗauki mako biyu kafin ya iso, alhali ƙofar tana nan a ƙasa yau, kuma cinikin mako biyun ya fi bambancin kuɗinsu, to ki sayi ƙofar, ki ajiye tsohuwar don sassanta. In kuwa sakata tana kamawa, injin yana aiki, za a iya ɗaura igiya mai ƙarfi a gurbin hannun a riƙa ja a hankali, to jira ya fi riba.

Injin nan don gida ɗaya aka yi shi, ke kuma aikin gidaje da yawa kike ɗora masa, don haka bayan hannu, bel da tayoyin da gangar zuba kaya ke hawa za su nemi canji. Ki ware wani abu daga kuɗin kowane zubi ki sa a asusun gyara, ki saka shi cikin farashinki. Idan kin samu hannun da ya shiga daidai, ki sayi biyu, ki adana lambar mai kayan a wayarki tare da hoton takardar injin.