Zancen "daji ba ya son allura"

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce an rubuta wa Innarki gashi na mako 5, wato ƙona ciwo da hasken na'urar asibiti, saboda ciwon dajin bakin mahaifa, kuma kowane mako za a ɗaura mata ruwan magani, amma kawunnanki sun kafe a yi gashin kaɗai, wai daji ba ya son allura. Kina tambaya ko maganar nan tana da tushe.

Ni ma da ita na tashi. A da, mai daji ba ya zuwa asibiti sai an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ciwo ya ci ƙarfinsa. A yi masa allura yau, jibi ya cika, sai a ɗora wa allura laifi. Lokacin da nake aikin jinya na karɓi mata irin haka, zani jiƙe da jini, cikin ido fari fat. Wallahi jinkiri ne ya ci su, har yau abin yana damuna.

Maganin da za a ba ta sunansa sisplatin. Hasken gashi yana tsinka zaren halitta da ke cikin ƙwayoyin dajin, su kuwa kafin gashin gobe sai su ɗinke wata ɓarakar. Sisplatin yana manne wa zaren nan ya hana ɗinkin, gashin gobe ya tarar da rauni a buɗe. Kamar jiƙa wake ne kafin a ɗora tukunya: wutar ita ce dai, amma ta fi cin sa. A 1999 cibiyar binciken daji ta Amurka ta fitar da sanarwa bayan manyan gwaje-gwaje 5, cewa haɗa shi da gashi ya rage haɗarin mutuwa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Tun daga nan likitoci suka riƙe shi.

Yana da nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Zai kawo tashin zuciya, kuma yana taɓa ƙoda, shi ya sa ake gwada jininta kafin kowane ɗauri. Ki tsare ta da shan ruwa. Jiƙon da 'yan dubiya za su kawo a gora, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, amma kada ta sha, don ƙodarta ba za ta ɗauki kaya biyu ba. Kada kuma a tsallake rana. So ake a kammala komai, har da gashin ciki, wato wanda ake sa na'urar a bakin mahaifa, cikin mako 8.

Kawunnanki kuwa, kada ki yi musu da su a gaban mutane. Ki sami babbansu shi kaɗai, ki durƙusa ki roƙe shi ya raka ku wurin likita ya ji da kunnensa. Ki shaida masa Innarki za ta iya buƙatar ƙarin jini, domin mai ƙarancin jini gashi bai cika yi mata aiki sosai ba, ya tara samarin gida su bayar. Ni ma zan kira shi bayan la'asar. Allah Ya ba ta lafiya.