Gwangwanin fim ɗin Tom Mix da kaka ya bari

Tambaya: Malam, kakanmu ya yi aikin haska fim a silima tun zamanin Turawa, ya bar gwangwanaye uku a sito, ɗaya an rubuta Tom Mix a jiki. Fim ɗin ciki ya fara danƙo yana wani wari, wani mai gyaran rediyo ya ce mu shanya shi a rana mu goge da kananzir. Waye wannan mutumin, kuma abin zai lalace ne?

Amsa: Ɗan'uwa don Allah kar ku shanya, bari in fara da wannan kafin komai.

Tom Mix shi ne babban kaboyi na zamanin fim mara magana. An haife shi 1880 a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya yi wasan doki a gandun 101 Ranch na Oklahoma, kamfanin Selig ya fara sa shi a fim wajen 1910, a 1917 ya koma kamfanin Fox inda shi da dokinsa Tony suka yi tashe. Finafinansa sun kai 291, tara ne kawai masu magana. Ya mutu a hatsarin mota a Arizona, Oktoban 1940. Labarin cewa ya yi yaƙi a Kyuba da Sin, masu tallan kamfani ne suka ƙirƙira, ya dai shiga soja a 1898 amma bai bar Amurka ba.

To yanzu maganar shanyawa. Wallahi wannan shawarar tana ɓata min rai, kullum sai na ji wani ya faɗe ta, mutum bai san abin da ke hannunsa ba amma ya ce a kai rana. Fim mai faɗin milimita 35 da aka buga kafin wajen 1951 na naitiret ne, ɗan'uwan albarushi, in ya kama da wuta ruwa ba ya kashe ta, ko ka tsoma shi a bokiti zai ci gaba da ci saboda shi yake samar wa kansa iskar da wutar ke buƙata, hayaƙinsa kuma guba ne. Wanda ya fara ruɓewa irin naku yana iya kamawa da kansa in zafi ya daɗe a kan digiri 41, kai ka san yadda sito mai rufin kwano yake a watan Afrilu. Sannan a zo a ƙara masa kananzir? Irin wannan wutar ce ta cinye yawancin finafinan Tom Mix ɗin, a Yulin 1937 zafi ya tayar da gobara a ma'ajiyar Fox da ke Little Ferry a New Jersey, aikin shekaru ya zama toka, shi ya sa kaɗan ne suka rage yau kuma shi ya sa naku zai iya zama mai daraja sosai.

Ka duba gefen fim ɗin da hasken tocila, ba ashana ba. In ka ga NITRATE ka tabbatar, in SAFETY ne da sauƙi, shi warinsa tsami-tsami ne. Kar ka warware shi, kar a saka a na'ura don a gwada, kar a rufe cikin leda. Ku fitar da gwangwanayen daga inda yara ke kwana zuwa wuri mai inuwa da iska nesa da murhu da janareta, ka ɗauki hoton rubutun jikinsu da waya ka tuntuɓi ma'adanar finafinai ta ƙasa da ke Jos.