Gwanin kamfani ɗaya ba lallai ya zama gwanin ko'ina ba

Ka tambaya ko shugaban kamfanin da ya yi fice a wuri ɗaya zai maimaita hakan duk inda aka kai shi. Ba dole ba ne, malam. Sau tari rabin nasarar ta kayan kamfanin ce da ma'aikatansa.

Dubi Ron Johnson, wanda ya gina shagunan Apple. Kamfanin JC Penney mai manyan shagunan tufafi da kayan gida a Amurka ya ɗauke shi a matsayin shugaba a 2011, yana zuwa ya soke rangwamen da masu saye suka saba da shi, ko gwaji a 'yan shaguna bai yi ba. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a 2012, a 2013 aka sallame shi. A wurin aikinmu dai, sabon shugaban da na ga ya ɗore sai da ya zauna da tsofaffin ma'aikata kafin ya taɓa farashi.