Doka ta ba ɗan gudun hijira haƙƙin aiki da karatu, me ke hana shi samu?

Tambaya: Ana cewa dokar duniya ta ba 'yan gudun hijira haƙƙin yin aiki, da sa 'ya'yansu makaranta, da zuwa asibiti. Amma sai ka ga wasu sun shekara ashirin a sansani suna jiran rabon abinci. Laifin dokar ne ko na hukumomin da ke kula da su?

Amsa: Dokar tana nan, kuma ba ta yi rowa ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta ce a sashe na 22 a ba yaransu ilimin firamare daidai da 'ya'yan ƙasa. Sashe na 17 ya yi magana kan aikin albashi, na 26 kan zirga-zirga, na 27 kuma ya ɗora wa ƙasa nauyin ba su takardar shaida. Sai dai aiwatar da waɗannan yana hannun gwamnatin da ta karɓi baƙin, ba hannun Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Wasu ƙasashen ma, irin su Bangaladash da Labanon, ba su sa hannu a yarjejeniyar ba, wasu kuma sun sa amma sun togace batun aiki.

A ganina takardar shaida ce gindin maganar. Wanda ba shi da katin da banki ya yarda da shi ba zai buɗe asusu ba, ba zai yi rajistar layin waya da sunansa ba, kuma kamfani ba zai ɗauke shi a rubuce ba. Katin da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, ta bayar yakan isa a karɓi abinci, amma ma'aikacin banki ba zai dube shi ba sai babban bankin ƙasar ya ba da umarni. Daga nan sai mutum ya koma aikin ɓoye, inda ko an danne masa kuɗinsa ba shi da inda zai kai ƙara.

Dubi maƙwabta biyu. Yuganda ta yi doka a 2006 wadda ta ba su damar aiki da yawo, ana yanka musu ɗan fili, ofishin firaminista ne ke riƙe da rajistarsu, yaransu kuma suna zama aji ɗaya da 'ya'yan gari. Kenya kuwa ta tsare su a sansani: Dadaab tun 1991, Kakuma tun 1992, fita sai da takardar izini. Akwai izinin aiki na musamman domin su a dokar Kenya, amma samunsa daga cikin sansani jidali ne, shi ya sa aka sa ido kan sabuwar dokarta ta 2021. Kada a ɗauka Yuganda aljanna ce. Filayen ƙanana ne, da yawansu nesa da manyan kasuwanni, kuma duk lokacin da kuɗin masu ba da agaji ya ragu, abincin ma raguwa yake.

Jodan ta nuna wani gefen. Bayan yarjejeniyarta da masu ba da tallafi a 2016 ta fara ba Siriyawa izinin aiki, amma galibi a gona da gini da masana'antu. Likita ko injiniyan da ya gudo da takardunsa, ƙofar sana'arsa a rufe take.

Inda nake da ja da ƙungiyoyin agaji shi ne yadda suke gina makarantu da asibitocinsu daban. A watannin farko dole ne. Idan abin ya kai shekara goma, yaro na iya gama karatu da shaidar da ma'aikatar ilimi ba ta sani ba, asibitin kuma ya rufe ranar da ƙungiyar ta tattara kayanta. Shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 2018 kan 'yan gudun hijira ta karkata ga shigar da su cikin tsarin gwamnati, Bankin Duniya kuma ya ware dala biliyan 2 daga 2017 domin ƙasashe matalauta masu karɓar baƙi. Ita dai wannan yarjejeniyar ba ta tilasta wa kowace ƙasa komai.