Wane yare za ka ɗauka in za ka sake rubuta Sass

Ɗana, ka tambaye ni wane yaren kwamfuta ya fi dacewa idan mutum zai sake rubuta manhaja irin Sass daga tushe, wato wadda ke karɓar fayil mai ɗauke da sunaye irin `$launi` da dokokin da aka cusa cikin juna, ta mayar da shi CSS, yaren tsara kamannin shafin intanet da burauza ke ganewa. Ka kuma ce a ganinka C++ ne, saboda saurinsa. Ba ka faɗi shirme ba, sai dai an riga an bi wannan hanya, kuma ya kamata ka san inda ta kai waɗanda suka bi ta.

Hampton Catlin ne ya ƙirƙiro Sass a 2006, Natalie Weizenbaum kuma ta ɗauki nauyin rubuta ta da yaren Ruby. Da ayyuka suka girma, fayiloli suka yawaita, sai jinkirin Ruby ya fara isar mutane, ga shi kuma duk wanda zai yi amfani da ita dole ya girka Ruby a kwamfutarsa ko da ba shi da wata hulɗa da shi. Wannan ne ya haifar da LibSass, wadda aka rubuta da C++, kuma a maganar sauri ta cika alkawari. Matsalarta ta fito ne daga wani gefen. Masu aikin gyaran fuskar shafin intanet, waɗanda su ne ke amfani da Sass kullum, galibinsu JavaScript suka iya, don haka kaɗan ne daga cikinsu ke iya buɗe cikin LibSass su gyara wani abu, nauyin ya rage a wuyan mutum ƙalilan. Shi kuwa CSS bai tsaya jiran kowa ba. Da burauzoji suka fara gane `min()` da `max()` a matsayin nasu, alhali Sass tana da ayyuka masu waɗannan sunaye tun da can, sai ya zamana mutum ya rubuta `min(50%, 300px)`, abin da yake daidai a CSS, LibSass ta ƙi karɓa domin tana so ta kwatanta kaso da fiksel da kanta. Tsarin `@use` na haɗa fayilolin Sass da ya zo a 2019 ma bai taɓa shiga cikinta ba, a Oktoban 2020 kuma aka ba da sanarwar a daina fara sabon aiki da ita.

Weizenbaum kuwa ta ɗauki yaren Dart don sake rubuta Sass, ta bayyana aikin a 2016, sigar 1.0 ta fito a 2018, aka daina kula da sigar Ruby a Maris 2019. Gaskiya ne Weizenbaum ta yi aiki cikin masu gina Dart a Google, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin yaren da hannunka ya saba da shi hujja ne mai nauyi a aikin da za ka riƙe shekara da shekaru. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ana iya juya Dart zuwa JavaScript, saboda haka rubutu ɗaya yana ba da manhaja mai sauri da ke gudana ita kaɗai, yana kuma ba da wadda ake saukewa daga npm, rumbun manhajojin JavaScript, da sunan `sass` ba tare da an haɗa komai a kwamfutar mai saukewa ba. Duk wanda ya taɓa ganin node-sass, wato LibSass ɗin da aka shirya wa masu JavaScript, ta ƙi girkuwa don kawai an sabunta Node, manhajar da ke gudanar da JavaScript a wajen burauza, ya san darajar wannan. Farashinsa shi ne sigar JavaScript ɗin ba ta kai ta asali sauri ba, abin da ya sa daga baya aka fito da `sass-embedded`, wadda ke kiran sigar asali mai sauri daga cikin JavaScript, don manyan ayyuka.

To, kafin ka ambaci sunan kowane yare, ka fara amsa mini inda manhajar za ta gudana da kuma wanda zai gyara ta ranar da CSS ya zo da sabon abu. Idan don koyo kake yi, ɗauki yaren da ke tilasta maka bayyana nau'in kowace ƙima, domin a Sass lamba tana tafe da ma'auninta, launi daban, jeri daban, kuma yaren da ke kama maka ruɗani tun kafin ka kunna manhajar zai rage maka wahala sosai. TypeScript zai yi, Rust ma zai yi in kana da haƙurinsa.

Ko da wanne ka tsaya a kai, ka sauke sass-spec tun ranar farko. Tarin gwaje-gwaje ne, kowanne da abin da aka shigar da kuma CSS ɗin da ya wajaba ya fito, kuma bai damu da yaren da ka yi amfani da shi ba. Ka fara da sunaye da dokokin da ke cikin juna, ka bar `@extend`, umarnin da ke sa wata doka ta gaji salon wata, sai ƙarshe, domin a nan ne za ka fi daɗewa.