Amsar Kawu Kan Riƙon Rimot da Ladabin Tashi da Jirgi a Cikin Gari

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka.

Saƙonka ya iso. Ka ce an ba ka aikin bikin da za a yi a unguwar Jahun a nan Bauchi bayan sallah, kana kuma so ka ɗauki hawan Sarki da jirgin nan naka marar matuƙi. Ka ce a wani ɗaurin aure wani dattijo ya miƙo maka hannu kana tsakiyar tuƙi, ka gyaɗa masa kai kawai, aka yi ta cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya. Shi ne kake tambaya me al'ada ta tanada a kan wannan, kuma yaya ake riƙe rimot ɗin har hoto ya daina fizga.

Al'ada ba ta taɓa tilasta wa mai aiki ya saki aikinsa don musabaha ba. Mahauci in hannunsa da jini, wuyan hannu yake miƙo maka. Maƙeri in ƙarfe ya yi ja a wuta, sannu da aiki ake ce masa, ya amsa da baki, ba wanda zai ji haushi. Abin da ya same ka shi ne dattijon bai san aiki kake yi ba. Shi yaro ya gani a tsaye, kai a sunkuye, yana latsa waya. Maƙera kowa ya san ta tun kaka da kakanni, rimot kuwa baƙo ne, kuma kai ne za ka gabatar da shi. Saboda haka ka riga jama'a zuwa. Ka bar jirgin a jakarsa, ka je rumfar manya, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaida su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce wa mai gida, a gaban liman in yana nan: "Baba, in abin nan ya tashi hannuna biyu suna kansa, idona ma haka, duk wanda ya zo ban tashi ba a yi mini afuwa." Shi da kansa zai riƙa faɗa wa masu zuwa. Ka kuma tafi da ƙaninka, ya tsaya a damanka. Shi zai karɓi gaisuwa, ya kori yara daga wurin sauka, ya kuma riƙa bin jirgin da ido sa'ad da naka idon ke kan waya.

In kuwa babban mutum ya iso gabanka, irin wanda ba a aika masa yaro, akwai mafita. Jiragen nan in ka mayar da sandunan biyu tsakiya, cak suke tsayawa a sama, tauraron ɗan adam na riƙe musu wuri. Ka ɗaga shi ya wuce wayoyin lantarki da kan bishiyoyi, ka bar shi a nan, ka rusuna ka gaida mutumin, ka koma. Hoton daƙiƙa goma ka rasa, ba wani abu ba.

To, riƙo. Na ga bidiyon da ka turo, kuma tun kafin ka faɗa na san hannun hagunka ne ke ba ka matsala. Yadda kamfanin DJI mai ƙera jiragen nan da yawancin kamfanoni ke saita rimot daga masana'anta, sandar dama ita ce tafiya: gaba, baya, gefe da gefe. Sandar hagu kuwa in ka tura ta gaba jirgi ya hau, in ka jawo ta ya sauko, in ka karkata ta gefe ya juya a inda yake. Ga kuma 'yar tayar nan da ke ƙarƙashin manuniyarka ta hagu, wadda ke sunkuyar da kyamara ko ta ɗaga ta. Ka ga aiki uku mafi laushi duk a hagu aka tara su. Mu kuwa tun muna rarrafe ake buge mana hagu in mun kai ta kwano. Da dama muke ci, da ita muke rubutu, da ita muke karɓa. Hagun Bahaushe ta iya ɗaukar kaya, amma ba ta saba da taɓa abu kaɗan-kaɗan ba. Shi ya sa juyawarka ke zuwa da ƙarfi, masallaci ya shigo hoto ya fice kafin a gane shi. Babu laifin al'ada a tuƙi da hagu, kada wani ya ruɗe ka. Amma in za ka miƙa wa dattijo waya ya ga abin da ka ɗauka, da dama za ka miƙa, ko da hannu biyu.

Riƙo iri uku na sani. Akwai na 'yan wasan gem, babban yatsa kaɗai a kan kowace sanda, sauran yatsu sun rungume rimot ta baya. Yana da sauri, hannu ba ya gajiya, manuniya kuma tana sake don taya da maɓallin ɗauka. Aibinsa shi ne babban yatsa ba ya tafiya a miƙe, baka yake yi, sai ka ga kana so ka juya kawai amma jirgi na ɗan hawa ba ka sani ba. Akwai na tsunkule, inda za ka kama sanda tsakanin babban yatsa da manuniya. Wannan ya fi kowanne daidaito, sai dai ya kwashe yatsun da ke ɗauke da rimot, dole ka rataya shi a wuya, taya kuma ta koma hannun yatsan tsakiya, wanda sai ya ɗau lokaci kafin ya saba. Na ukun tsaka-tsaki ne: babban yatsa a bisa kan sanda, manuniya ta jingina da ita ta gaba tana tokare ta. Ni shi nake ba ka shawara, aƙalla a hagu. Babban yatsa na turawa, manuniya na hana shi wuce gona da iri, kamar mahayin da ke zungurar doki da dunduniya linzami kuma na hannunsa bai saki ba.

Abin da samari ba sa kula da shi, hannu ba daga yatsu yake fara rawa ba, daga kafaɗa ne. Na shekara da shekaru da kyamara a kafaɗa kafin a zo da waɗannan, kuma dokar ba ta canza ba. Ka manna gwiwoyin hannunka da haƙarƙarinka. Ka sa igiyar rataya, ka daidaita tsawonta yadda rimot zai kwanta kaɗan sama da cibiya, nauyin ya koma wuya, yatsu su huta. Ka buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. In jirgi ya zagaya, ka juya da jikinka gaba ɗaya, kada ka murɗa wuyan hannu kana bin sa. Wannan yana da wani amfanin: eriyar rimot ta faffaɗan gefenta take aika saƙo, ba ta tsininta ba, don haka ƙirjinka ya riƙa fuskantar jirgin, kada ka nuna shi da bakin eriya kamar mai harbi. Kada kuma ka matse rimot. In ka ga farcenka ya yi fari, ka matse da yawa.

Batun tufafi, na san ranar biki kowa na son ya fito. Amma hannun babbar riga yana sauka kan sanda ba sallama, kuma a kan taron mutane wannan ba abin wasa ba ne. Ka sa kaftani mai matsattsen hannu, in kuma dole sai babbar riga, ka naɗe ta a kafaɗa sosai kafin ka kunna.

Akwai ɗan makunni a tsakiyar rimot mai matsayi uku. Ranar biki ka bar shi a kan C, wanda ke rage gudu ya kuma tausasa juyi. S na gudu ne, kuma a kansa jirgi ke daina kauce wa abin da ke gabansa da kansa, ba ruwanka da shi a cikin gari. In ka danna ɗauka, ka ƙirga uku kafin ka motsa. In za ka tsaya, kada ka saki sanda ta koma da kanta, ka rako ta tsakiya a hankali, don wannan sakin shi ne girgizar da ke ƙarshen kowane hotonka. Ka kuma tuna in jirgi ya juyo yana kallonka, damansa ta zama hagunka. A nan yawanci ake afka wa rumfa. Ka je fili ta hanyar Gubi inda ba kowa, ka zaɓi bishiya ɗaya, ka yi ta zagaya ta kyamara na kallonta, dama na tura jirgi gefe, hagu na juya shi kaɗan kaɗan. Ranar da bishiyar ta zauna a tsakiyar hoto har ka kammala zagaye, hagunka ta koyu.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda ya fi musabaha nauyi. Gidan Bahaushe daga ƙasa aka tsara sirrinsa. Zaure, sannan shigifa, sannan kwana, duk don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida. Katanga ta fi tsayin mutum saboda haka. Ta sama kuwa a buɗe yake, don magina ba su yi zaton ido zai zo ta can ba. A da, in za a hau rufi yaɓe kafin damina, ko za a sare reshen bishiya, sai an aika yaro maƙwabta ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Ba a fasa wannan don mai hawan ɗan gida ne ko mutumin kirki ne. Jirginka mai hawa rufi ne, kuma rufin unguwa guda yake hawa a lokaci ɗaya. A cikin tsohon gari, daga Jahun zuwa Nassarawa zuwa bayan fada, inda gidaje ke manne da juna tun zamanin ganuwar Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, in ka ɗaga mita talatin ka sunkuyar da kyamara, tsakar gida nawa ke cikin wayarka? Ga mai wanka wa yaro, ga mai daka da ɗaurin ƙirji. Mai bikin ya ba ka izinin gidansa, bai ba ka na maƙwabcinsa ba, don ba nasa ba ne.

Ka san aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama, kuma hadisi ya bayyana cewa saboda ido aka wajabta neman izinin. Ba sai ƙafarka ta taka ba ke nan. Abin yi mai sauƙi ne. Kwana ɗaya kafin biki, mai gida ya sanar da mai unguwa, a aika gidajen da ke kewaye cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza jirgi zai tashi. Kai kuma a nan manuniyarka ta hagu za ta nuna tarbiyyarta: kana hawa, kyamara na kallon gaba, sararin sama da duwatsun da suka kewaye gari. Ba za ka murza taya ƙasa ba sai ka tabbata layi ko filin ɗaurin aure ne a ƙarƙashinka. Wurin kamu da sauran sha'anin mata kuwa, ko uwar amarya ce ta ce ka ɗauka, ka tambaya ko sauran matan sun sani. Da yawa cikinsu matan aure ne da suka sake jiki don sun san ba namiji a wurin.

Hawan Sarki kuma hukuncinsa daban. Fili na Sarki ne ranar, kuma ba a shawagi a kan Mai Martaba, ko a saman lemarsa, don kawai kana da batir. Ka je fada tun da sauran kwanaki, ka nemi masu tsara hawan, in sun yarda su nuna maka inda za ka tsaya, dogarai su san fuskarka. In sun hana, ka ɗauka daga ƙasa. Doki ya saba da kakaki da algaita da ƙarar bindigar 'yan bindiga, amma zuzar farfela a saman kunnensa sabon abu ne gare shi, kuma dokin da ya firgita lokacin jahi, ga yara cike a gefen hanya, ba na son in ƙarasa faɗa. Ka tsaya can sama kuma daga gefe, kada ka bi ayari ta kai, kada ka tare shi ta gaba. Hoton ma daga gefe ya fi kyau, don nan ake ganin jerin hakimai da 'yan lifida da launin kayan doki. Daga tsakar ka rawuna kawai za ka samu.

Hukuma ma tana da nata. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tashi da irin waɗannan sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma tunda kuɗi kake karɓa, ka nemi takardunka. Kada ka wuce mita 120. Filin jirgin sama na Durum, barikin Shadawanka da gidan gwamnati, ko kusa kada ka je.

Sauran ƙanana ne. Zafin Maris da Afrilu yana sa waya ta rage haske da kanta har ka kasa ganin komai, don haka ka tsaya a inuwar dogon yaro ta bakin gefe, inda kake ganin sama. Gumi na sa yatsa zamewa daga sanda, ka ajiye hankici a aljihu. Kada ka tashi daga kan turɓaya, ka shimfiɗa kwali ko tabarma, don ƙura na shiga injin farfela da wuyan kyamara. Ka saita tsayin da jirgi zai dawo gida da kansa ya fi hasumiyar masallaci da ƙarfen eriyar kamfanin waya da ke unguwar. In shirwa ta fara zagaya shi, ka hau sama da sauri sannan ka janye, ita daga sama take kawo sura.

Bayan biki, kafin ka sa ko daƙiƙa ɗaya a Facebook ko TikTok don tallan aikinka, ka kai wa mai gida ya gani, shi da uwar amarya. Abin da suka ce a cire ka cire, har daga katin ajiya. In ka samu sarari ranar Asabar da safe, kafin iska ta taso, ka zo da jirgin da batir a cike mu je filin, in ga yadda yatsunka ke zama a kan sanda. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.